Filin Titin Alden: Tarihin Ƙasar da Radiyom Ya Gurɓata

A cikin garin Orange na jihar Niyu Jasi a ƙasar Amurka, wanda tsakaninsa da birnin Niyu Yok bai kai tafiyar sa'a guda a jirgin ƙasa ba, akwai wani fili mai faɗin kimanin eka biyu a daidai inda titin High ya gamu da titin Alden, wanda duk mai wucewa ta gefensa a shekarun 1970 ba abin da zai gani face tsofaffin gine-gine irin na ƙananan masana'antu, da ma'aikata masu shiga da safe su tashi da yamma, da gidajen jama'a da suka kewaye shi ta kowace fuska. Kamfanin da ke zaune a wurin a lokacin nan, mai suna T&E Industries, sana'arsa ƙera ƙananan kayan lantarki ce, ba ruwansa da haƙar ma'adini ko tace shi; ya kama hayar wurin a 1969, ya kuma saye shi a 1974 da takardu cikakku, kamar yadda kowane ɗan kasuwa ke sayen wurin sana'arsa. Abin da takardun nan ba su ambata ba, kuma ba wanda ya faɗa masa da baki, shi ne cewa a ƙarƙashin daɓen da ma'aikatansa ke tsayawa a kai akwai tarin diddigar ma'adini da aka zubar tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda ke fitar da tiriri dare da rana, kuma za ta ci gaba da fitar da shi har bayan an mance da sunan mai saye da na mai sayarwa.

Asalin al'amarin yana komawa ne ga watan Disamba na 1898, sa'ad da Marie Curie da mijinta Pierre suka bayyana wa masana a birnin Faris cewa sun gano wani sabon sinadari a cikin dutsen yuraniyom, suka sa masa suna radiyom. Ba a daɗe ba likitoci suka fahimci cewa tiririnsa yana ƙone ƙari, ya rage ciwon daji, sai duniya ta ɗauke shi tamkar wani kimiya na mutanen da, 'yan kasuwa suka shiga zuba shi a cikin ruwan sha da man shafawa da man goge haƙori, suna cewa yana ƙara ƙarfi yana maido da ƙuruciya. Tsadarsa kuwa ta wuce misali, domin giram guda da matan Amurka suka tara kuɗi suka saya wa Marie Curie, wanda shugaban ƙasarsu Harding ya miƙa mata a 1921, dala 100,000 aka biya. Dalilin wannan tsada shi ne, ma'adinin da Amurka ke da shi a jihohin Kolorado da Yuta, wani rawayan dutse da ake kira kanotayit, sai an niƙe ɗaruruwan tan daga cikinsa, an dafa da ruwan asid an tace an sake tacewa, kafin a sami giram ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi a zuciyarsa, domin dukan abin da zai biyo baya daga gare shi ya fito: abin da ake nema cikin cokali bai cika ba, abin da ake zubarwa kuwa tsauni ne.

Wani likita ɗan asalin daular Ostiriya, Sabin von Sochocky, shi da abokinsa George Willis, suka kafa kamfani a 1914 wanda daga baya aka san shi da U.S. Radium Corporation, suka kuma tare a filin nan na Orange a 1917, shekarar da Amurka ta shiga yaƙi. Hajarsu wani fenti ne da suka raɗa wa suna Undark, wanda ake haɗa shi da ɗan ƙwayar radiyom da garin tutiya mai haɗe da farar wuta da ɗanko da ruwa. Tiririn radiyom yana bugun garin, garin kuwa ya riƙa ba da wani kore-koren haske a cikin duhu ba tare da wuta ko batir ba. Soja da ke kwance a rami da dare yana bukatar ya san lokaci ba tare da ya ƙyasta ashana maƙiyi ya hango shi ba, matuƙin jirgin sama yana bukatar ya karanta ma'aunansa, saboda haka sai kasuwa ta buɗe. A gefe ɗaya na filin ana tace kimanin rabin tan na ma'adini kowace rana, a ɗaya gefen kuwa 'yan mata, waɗansunsu ba su wuce shekara goma sha biyar ba, suna zaune jere a kan dogayen tebura suna shafa fentin a kan lambobin fuskar agogo, ana biyansu kimanin santi ɗaya da rabi a kowace fuska, mai saurin hannu takan gama wajen 250 a yini.

Lambobin agogo ƙanana ne, gashin buroshi kuwa yakan baje bayan shafa biyu ko uku, don haka aka koya wa 'yan matan su riƙa sa bakin buroshin tsakanin leɓɓansu suna tsinanta shi, su tsoma a fenti, su shafa, su sake kai shi baki, haka tun safe har yamma, shekara da shekaru; da waɗansu suka tambaya ko akwai illa, aka ce musu babu. Jikin ɗan Adam kuwa ba ya bambanta radiyom da sinadarin kalsiyam da yake gina ƙashi da shi, saboda haka abin da ya tsira daga hanji ya shiga jini sai jiki ya kai shi cikin ƙashi ya ajiye, daga nan ya zauna yana harbin ɓargo da ƙashin da ke kewaye da shi har iyakar rayuwa. Amelia Maggia, wadda ake kira Mollie, ta fara da ciwon haƙori, aka cire, ramin ya ƙi warkewa, har ta kai likitan haƙoranta ya ɗaga ƙashin muƙamuƙinta da yatsunsa ya fito ba tare da wuƙa ba. Ta rasu a watan Satumba na 1922 tana da shekara 24, aka kuma rubuta a takardar mutuwarta cewa tunjere ne ya kashe ta. Wannan ƙazafi, a ganina, yana cikin mafi munin abin da ya auku a dukan tarihin nan, domin an haɗa wa iyalinta rashi da zubar da mutunci. Sai a 1927 da aka tono gawarta aka tarar babu alamar wannan cuta, ƙasusuwanta kuwa da aka ɗora su a kan fim ɗin hoto a cikin duhu suka bar tabonsu a kai.

Hujjoji sun taru a hankali, kamfanin kuwa yana ture su ɗaya bayan ɗaya. Cecil Drinker na Jami'ar Harvard, wanda kamfanin da kansa ya ɗauko ya yi bincike a 1924, ya tarar da ƙurar radiyom a gashin ma'aikata da tufafinsu har suna haske a ɗaki mai duhu, ya rubuta cewa radiyom ne sanadin cutar. Shugaban kamfanin, Arthur Roeder, ya hana a buga rahoton, sai da Drinker ya yi gaban kansa ya buga a 1925. A wannan shekara ce kuma Harrison Martland, likitan gundumar Essex mai binciken gawa, ya auna numfashin marasa lafiya da ƙasusuwan mamata ya tabbatar da al'amarin tabbatarwar da ba ta bar wurin musu ba. Grace Fryer, wadda ta bar aikin fenti ta koma aikin banki kafin ƙashin bayanta ya fara ruɓewa, ta yi shekara biyu tana neman lauyan da zai karɓi ƙararta, domin doka ta ba da wa'adin shekara biyu kacal na shigar da ƙara, alhali cutar ba ta bayyana sai wa'adin ya shuɗe. Daga ƙarshe Raymond Berry ya karɓa a 1927, mata huɗu suka bi sahunta, watau Katherine Schaub da Edna Hussman da 'yan'uwan Mollie biyu, Quinta McDonald da Albina Larice. A watan Yuni na 1928 aka yi sulhu a wajen kotu, kowace ta sami dala 10,000 da dala 600 a kowace shekara muddin tana raye da kuɗin magani, kamfanin kuwa bai amsa laifi ba. Von Sochocky da kansa ya mutu a watan Nuwamba na wannan shekara, ɓargonsa ya daina yin jini. Daga nazarin jikin matan nan da irinsu ne aka tsayar a 1941 da ƙa'idar cewa kada abin da ke jikin ma'aikaci ya wuce kashi ɗaya cikin goma na maikurogiram na radiyom, wadda daga baya aka gina dokokin kare ma'aikatan nukiliya a kanta.

Wannan sashe na labarin sananne ne, an rubuta littattafai a kansa, kuma ya cancanci a rubuta. Amma a duk tsawon shari'ar nan hankalin likitoci da lauyoyi da 'yan jarida yana kan buroshi da leɓe da ƙashi, babu wanda ya waiwayi bayan masana'antar, inda ake juye diddigar da ta rage bayan tacewa a kan fegin da ba a gina ba. An ƙiyasta abin da aka zubar a wurin tsakanin 1917 da 1926 da kimanin tan 1,600. Kuma da yake dabarar tacewa ta zamanin ba ta iya zare radiyom duka, wani kaso nasa ya tafi tare da diddigar. Malamanmu na fiƙihu sun koyar da mu cewa ana gane ruwan da najasa ta ɓata ne da sāke ɗayan siffofinsa uku, launi ko ɗanɗano ko wari, kuma dukan tarbiyyar ɗan Adam a kan tsabta, a kowace al'umma, a kan shaidar ido da harshe da hanci aka gina ta. To wannan gurɓata ba ta sāke ko ɗaya daga cikin ukun, diddigar kama take da yashi mai laushi, wanda magini zai gani ya yi murna ya ce ya sami abin ciko. Radiyom kuwa sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, ta yadda daga ranar da aka rufe masana'antar zuwa ranar da aka gano ɓarnar, shekara hamsin da 'yan kai, ƙarfinsa bai ragu da ko kashi 3 cikin 100 ba. Yayin da yake lalacewa a hankali yana haifar da wata iska mai suna radon, wadda rabinta ke ƙarewa cikin kwana huɗu ba kaɗan, sai dai kullum ana haifar sabuwa. A sarari iska takan kwashe ta ta watsar, amma idan aka ɗora gini a kan diddigar sai ta bi tsagar daɓe da ramin bututu ta taru a cikin ɗaki, mai numfashi ya shaƙa, burbushinta ya maƙale a huhu. Masana lafiya a yau sun haɗu a kan cewa bayan taba sigari babu abin da ya fi radon jawo ciwon dajin huhu.

Ba shari'ar matan ce ta kashe aikin tacewa a Orange ba. Kasuwa ce ta kashe shi. Kamfanin Beljiyam mai suna Union Minière ya sami ma'adini a Shinkolobwe ta ƙasar Kwango wanda ya ninka na Kolorado albarka sau da yawa, ya fara tace shi a garin Olen a 1922, farashi ya faɗi, masu tacewa a Amurka suka rufe ɗaya bayan ɗaya. U.S. Radium ya daina aiki a Orange a 1926, ya riƙe filin har 1943, sa'an nan ya sayar wa wani kamfanin roba mai suna Arpin, ba tare da ya kwashe diddigar ba, ba kuma tare da ya yi gargaɗi a kanta ba. Arpin, da yake bai san abin da ke wurin ba, ya faɗaɗa ginin har ya rufe inda aka yi juji. Daga nan filin ya yi ta sauya hannu, kowane mai saye yana karɓar takarda daga wanda bai sani ba ya miƙa wa wanda bai sani ba, har sanin abin da ke cikin ƙasar ya yanke gaba ɗaya, alhali abin da kansa yana nan bai gusa ba.

A 1979, shekarar da aka gano irin waɗannan tsofaffin wurare a birnin Denver na Kolorado ta hanyar bin tsofaffin rahotannin hukumar ma'adinai, ma'aikatar kare muhalli ta jihar Niyu Jasi ta aika jami'inta da na'urar auna tiriri zuwa titin Alden, aka tarar radon da tiririn da ke cikin ginin T&E sun haye ƙa'idar da doka ta yarda da ita, mafi tsanani a sashen da ke bisa tsohon jujin. Kamfanin ya fara da rage zaman ma'aikata a wannan sashe da sa na'urorin fitar da iska, daga bisani ya kwashe kayansa ya bar wurin ɗungurungum, ya zauna da fili wanda ba ya iya aiki a cikinsa, ba ya kuma iya sayar da shi sai an gyara. Sai ya kai ƙarar magajin U.S. Radium, wanda a lokacin ya koma amsa sunan Safety Light Corporation.

Mas'alar da ta zo gaban alƙalai tsohuwa ce ƙwarai, ko da yake abin da ya tayar da ita sabo ne. Dokar gargajiya da Amurka ta gada daga Ingila ta ɗora wa mai sayen ƙasa nauyin ya buɗe idonsa ya duba kafin ya biya, in ya saya ya ga aibi daga baya to nasa ne; kuma lauyoyin Safety Light sun kafa hujja da cewa tsakanin wanda suke karewa da T&E babu ciniki ko ɗaya, akwai masu saye da sayarwa da dama a tsakani, kuma a 1943 ilimi bai kai ga gane haɗarin diddiga ba. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa shari'armu ta bi wata hanya dabam tun da daɗewa, ta haramta tadlisi da ɓoye aibin haja, ta kuma ba mai saye zaɓin mayarwa idan ya ga aibin da aka rufe masa. Sai dai mayarwa ba ta da amfani a nan, domin ko an mayar da filin ga mai shi na farko, radon ba zai fasa shiga huhun maƙwabta ba. A watan Maris na 1991 Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci, tana dogara da wata tsohuwar ƙa'ida ta shari'ar Ingila ta 1868, wadda ta samo asali daga ƙarar wani mai ramin kwal da ruwan madatsar maƙwabcinsa ya cika masa rami: wanda ya kawo abu mai haɗarin da ya wuce na al'ada ya ajiye a ƙasarsa don amfanin kansa, lamunin ɓarnar yana wuyansa ko ya yi sakaci ko bai yi ba, kuma wannan lamuni yana bin sa har ga wanda ya sayi filin bayan hannuwa da yawa, matuƙar bai saya da sanin haɗarin ya kuma yarda da shi ba. Kotun ta ƙara da cewa kamfanin da ya binne ma'aikatansa saboda radiyom ba zai ce bai san radiyom abin tsoro ba ne. Ina ganin wannan hukunci daidai ne, kuma shi ne mafi girman abin da filin titin Alden ya bar wa shari'ar ƙasa, domin ya raba takardar mallaka da alhakin ɓarna, ya nuna cewa sayar da ta farko ba ya sauke na biyu.

Kafin a kai ga wannan hukunci, ɓarnar ta riga ta bayyana a inda ba a zata ba. Binciken da aka yi da jirgin sama a 1981 ya nuna tiriri yana tashi daga unguwannin zama a Montclair da Glen Ridge da West Orange, inda aka cike kwaruruka da tsofaffin jujin shara da ƙasar da ake kyautata zaton daga masana'antar Orange ta fito, aka kuma gina gidaje a kai. A ƙarshen 1983 aka sanar da mazauna cewa ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasa cike suke da radon. Gwamnatin jiha ta fara haƙa a 1985 a 'yan gidaje kaɗan don gwaji, ta fitar da iyalai da alkawarin za su komo ba da jimawa ba, ta cika ganguna da akwatunan ƙarfe kimanin 15,000 da niyyar kai su jujin nukiliya na jihar Nebada. Ana cikin haka sai Nebada ta janye izininta. Gangunan suka tsaya, waɗansu a farfajiyar gidajen da aka haƙe, waɗansu a tashar kaya ta Kearny. Aka ce za a kai su wani ramin fasa dutse a Vernon a gauraya da ƙasa mai kyau, dubban mutanen garin suka fito a 1986 suka ce sai dai a bi ta kansu. Aka juya zuwa wani dajin gwamnati a yankin Jackson a 1987, can ma aka ƙi. Ban ga laifin mutanen nan ba, domin an ce musu ƙasar ba ta da haɗari alhali suna kallon ana kwashe ta daga gidajen waɗansu da kuɗi masu yawa, kuma ba wanda ya tsaya ya warware musu yadda maganganun biyu za su gaskata tare, watau cewa ƙasar da ke cutarwa a ƙarƙashin ɗakin barci ba lalle ta cutar a cikin rami mai rufi a nesa da mutane ba. Ba a sami mafita sosai ba sai da aka buɗe wani juji a Clive, cikin hamadar jihar Yuta, a 1988, mai karɓar irin wannan shara mai ƙaramin tiriri.

Shi aikin gyaran kansa ba shi da wani sirri, wahala da haƙuri ne kawai, domin babu ruwan magani ko wuta ko dabarar da ke kashe radiyom. Iyakar abin da ɗan Adam ke iyawa shi ne ya ɗauke shi daga inda mutane suke ya kai inda ba su. Hukumar Kare Muhalli ta tarayya ta sa filin Orange a jerin wuraren da asusun Superfund zai gyara a 1983, wanda asusu ne da dokar 1980 ta kafa domin wuraren da masu ɓata su suka gudu ko suka gaza. Ta tsayar da shawarar yadda za a yi a 1993 da 1995, aka fara haƙa a 1997. Da fari akan raba fili gida-gida kamar hatimi, a bi kowane gida da na'ura, a huda ƙasa a zura ma'auni don a san zurfin gurɓatar. Kafin lokacin haƙa ya zo akan sa bututu da fanka a ƙarƙashin daɓe su zuƙe radon su fitar ta saman rufi, inda tiriri ya yi yawa kuma a shimfiɗa fallen dalma. Sa'an nan a fitar da mutanen gida, a tokare ginin da ƙarafa idan gurɓatar ta shiga ƙarƙashin harsashinsa, a yi ta haƙa, wani wuri da katafila wani wuri da shebur, ana yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, kowane lebura yana maƙale da 'yar alamar da ke ƙirga tiririn da ya taɓa shi, ana auna tayoyin mota kafin ta fita ƙofa. Idan an kai inda ake zaton ƙasa mai kyau ce sai a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji, in ya wuce a cike ramin da sabuwar ƙasa, a mayar da matakala da shinge da ciyawa yadda aka same su. Gine-ginen masana'antar kuwa rushe su aka yi, aka loda baraguzansu da ƙasar da ke ƙarƙashinsu a jirgin ƙasa zuwa yamma. Haka aka bi wurare kimanin 250 na zama da na kasuwanci a kewayen, har aka kammala babban aikin a 2006.

Ma'aunin da aka yi aiki da shi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ake gane ma'anar ƙaramin tiriri. Ƙa'idar ita ce kada radiyom da ke cikin ƙasa ya wuce fikokuri 5 a kowane giram bisa abin da Allah ya halitta a cikinta, wanda a yawancin ƙasa yakan kai wajen fikokuri 1, kuma kada radon a cikin ɗaki ya wuce fikokuri 4 a kowace lita ta iska. Fikokuri 5 a giram kuwa daidai yake da kashi biyar na radiyom a cikin miliyan sau miliyan na ƙasa. Irin wannan ba ya ruɓar da muƙamuƙi, ba ya kwantar da kowa a mako ko a shekara, kuma babu likitan da zai nuna wani majinyaci ya rantse cewa ƙasar gidansa ce ta sa masa ciwo; abin da yake yi shi ne ya ƙara wa kowane mazauni wani ɗan rabo na haɗari, wanda ba ya bayyana sai an ƙirga dubban mutane a tsawon shekaru. Saboda haka aka sami masu cewa dala miliyan 218 da aka kashe a unguwannin Montclair da Glen Ridge da West Orange, inda aka gama a 2004, da an sa fanka a kowane gida an kai sauran kuɗin asibiti da an ceci rayuka fiye da haka. Maganar tana da nauyi, ba kuma na raina ta; sai dai fanka yana lalacewa, mai gida yana mutuwa, magaji yana sayarwa, wani ya zo ya haƙa harsashin sabon ɗaki ya watsa ƙasar a lambu, kuma tarihin filin nan da kansa ya nuna cewa shekara goma sha bakwai kacal, daga 1926 zuwa 1943, sun isa a daina faɗa wa mai saye abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Duk maganin da ya dogara ga tunawar mutane na tsawon ƙarnuka, a wurina, rauninsa ya fi arharsa.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala, domin diddigar yuraniyom a ko'ina take radiyom ɗin nan ne a cikinta, radon ɗin nan take fitarwa. A Arlit ta ƙasar Nijar, inda kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK kuma a 1978, masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun tarar da gurɓatattun ƙarafa daga ma'adinan ana sayar da su a kasuwa a 2003, ƙungiyar Greenpeace kuma ta auna tiriri mai yawa a titunan garin Akokan a 2009, inda aka yi ciko da duwatsun da aka fitar daga rami. Da aka rufe COMINAK a watan Maris na 2021, an bar diddiga kimanin tan miliyan 20 wadda aka tsara rufe ta da laka da dutse a inda take. Tan 1,600 na Orange sun ɗauki shekara ashirin da bakwai daga ganowa zuwa kammala gyara, a ƙasar da ke da kuɗi da kotuna da jiragen ƙasa da hamadar da ta yarda ta karɓa.

Game da wanda ya biya kuwa, hukuncin 1991 ya tabbatar da alhaki a kan magajin kamfanin, amma tabbatar da bashi dabam, samun abin biya a hannun wanda ake bi dabam; mafi yawan kuɗin haƙa da jigila da binnewa daga baitulmalin tarayya da na jiha suka fito, watau daga harajin mutanen da ba su ci ribar fenti ko ta santi ɗaya ba. U.S. Radium ya koma garin Bloomsburg na jihar Pennsylvania a ƙarshen shekarun 1940, ya ci gaba da sana'ar abubuwa masu haske a duhu a bakin kogin Susquehanna, da radiyom da farko, daga baya da waɗansu sinadarai masu tiriri. A 1980 aka rarraba shi zuwa ƙananan kamfanoni, sashen da ya riƙe masana'antar ya zama Safety Light. A 2005 Hukumar Kare Muhalli ta sa wannan fili na Bloomsburg shi ma a jerin Superfund, kamfanin ya daina aiki bayan 'yan shekaru, hukuma ta karɓi rushe gine-ginensa da kwashe shararsa da kuɗin jama'a.